Cokalin Inna

Aubervilliers, ranar Talata

Ilya, sanyin idona, ruwan ƙasan randa a yinin azumi, gawona mai fid da ganye lokacin da kowane icce ya zubar da nasa, ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari, mai taurin kan da na zaɓa idona biyu a buɗe,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina sanyin Lyon, yaya tarin nan da ka ƙi kai wa likita? Kana cin abinci kuwa, ko har yanzu burodi da sardin ne a tsaye gaban taga? Ni dai ina nan lafiya, irin lafiyar wadda ke duba waya kafin ta yi alwala, Allah ya yafe mini. Tun ranar da ka raka ni tashar Part-Dieu, hannuwanka cikin aljihu, idonka a kan allon jirage kamar an rubuta sunan wani naka a ciki, ban sake jin muryarka ba. Na kira, na bar saƙo, na sake kira. To ga takarda. Takarda dai ka saba ba ta haƙƙinta, ko ta maƙiyinka ce sai ka kai ƙarshenta.

Ka san Lahadin nan ce Kawu Youssouf ya sa wa mutanenka su zo gidansa a Sevran neman aurena. Ka sani, na sani, rabin 'yan Damagaram da ke Paris sun sani. Jiya kuma abokinka Salim ya tare ni a Barbès, ƙarƙashin gadar jirgin metro, ina zaɓen tattasai. Ya ja ni gefe yana ta sosa ƙeya, ya ce ka ce in na yarda hannuna ne ya kuɓuce, cokalin ya taɓa finjali ban shirya ba, shi ke nan magana ta mutu, za ka ɗauko wakilinka Alhaji Muntaka ku hau jirgi. Kalma kaɗan ce, in ji shi, kowa ya huta. Raina, na kwanta da saƙon nan na tashi da shi, na je aiki da shi na dawo da shi. Ga amsata, ka yi haƙuri da tsawonta.

Bari in tuna maka yadda cokalin nan ya shigo tsakaninmu, don na ga alamar ka manta. Ranar sunan 'yar maƙwabcin Kawu, gida cike da mata da hayaƙin turaren wuta, na fito matakala in sha iska. Sai na tarar da wani dogon Ba'adare zaune shi kaɗai, takardu a gwiwa, yana motsa baki. Na ɗauka wuridi kake. Da na matso na ji Hausa ce, labari ne, kana juya jimla a bakinka kamar mai ɗanɗana zuma kafin ya saya. Ni da na yi shekara da shekaru ina rubutu a ƙasar da ba mai iya karanta mini layi ɗaya, ina aika rubuce-rubucena gida a buga su can, in riƙa jin labarinsu daga nesa kamar 'ya'yan da aka ba riƙo! Na tsaya na saurara har ka kai aya, sannan na ce maka jimlar ƙarshe ta yi kitse da yawa. Ka ɗago ka dube ni kamar na taka maka sallaya da takalmi. Tun a matakalar nan na san na shiga uku, kuma har yau ban nemi mafita ba.

Sai dai bakinmu ya fi ƙarfinmu. Duk karatun da muka zauna, da faɗa yake ƙarewa, kai ka kafe ni na kafe, shayi ya huce ba wanda ya sha. Kai ne ka kawo dokar, Ilya, ba ni ba. Ka fito da ƙaramin cokalin shayin Inna, mahaifiyarka, wanda ta jefa maka cikin jaka ranar da ka bar Tahoua, mai ɗan lanƙwasasshen mariƙi. Ka ce daga yau mai saurare ya juya baya, ya riƙe cokali da finjali, kada ya ce uffan. In kunnensa ya ji ƙarya, ya buga sau ɗaya. Ba bayani, ba gardama, mai karatu ya je ya nemo abin da kansa. A kan haka muka yi alkawari.

Kuma ka buga mini, Malam, ka buga. Babin da na fi so a littafina na biyu, na matar nan da rijiya, wanda na rubuta ina kuka, tun shafin farko ka ƙwanƙwasa shi. Na koma gida a metro, layi na bakwai, ina share ido da gefen mayafi, har wata tsohuwar Bafaranshiya ta miƙo mini hankici. Na zage ka a raina zagin da ba ya rubutuwa. Sannan na zauna na duba, na ga kukana ne ya cika babin, matar ba ta samu wurin yin nata ba. Na yayyage na sake, kuma shi ne babin da mutane ke aiko mini saƙo a kansa har yau. Na turo wani ya ce maka ka ce hannunka ne ya kuɓuce?

Ka tuna la'asar ɗin da ka kai ni inda kogunan Lyon biyu suke haɗuwa? Ɗaya kore-kore, ɗaya ruwan ƙasa, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowanne riƙe da launinsa, kafin can gaba su gauraya. Ka gyara murya, ka miƙa hannu kamar mai waƙe, ka ce mu ke nan. Ba cokali a hannuna, sai na ƙwanƙwasa zobena a jikin ƙarfen da muka jingina. Ka yi dariya har ka duƙa, har wani mai kamun kifi ya juyo yana hararmu, ka ce Allah ya haɗa ka da masifa kuma ka karɓa hannu biyu. Jimlar ta yi zaƙi da yawa, har gobe haka zan ce. Amma yadda ka riƙe bakin hannun rigata don kada in zame a kan jiƙaƙƙun duwatsun nan, ba ƙarya a ciki ko ƙwaya. Ina dariyar nan ta tafi, hasken raina? Wa ya ɗauke mini ita?

To, mu zo ranar. Muna falon Alhaji Muntaka inda nake sauka, Hajiyarsa tana kicin. Na juya baya ina kallon labule, ka fara babi na tara, inda Mu'awiya, mutumin littafinka, yake rufe mahaifiyarsa. Na san babin wa ne. Na ji yadda ka ja numfashi kafin ka fara, kuma wallahi na ƙudurta a raina yau ba zan buga ba. Ka karanta ɗaukar makara, ka karanta sahu, ka karanta kabari da zuba ƙasa da jama'ar da ta cika maƙabarta. Na jira. Na ce bari ya juya shafi, zai zo. Mu'awiyan da na sani, mai ganin abin da kowa ya wuce, wanda ya lura da tsagar dunduniyar mahaifinsa a masallaci, wanda ya ga ƙudan da ya sauka a kan mayafin amarya, sai ga shi tsaye bakin kabarin uwarsa bai ga kome ba sai abin da kowa ya sani. Muryarka kuwa sumul, kamar mai karanta sanarwar rasuwa a rediyo. Na roƙi Allah ya ba ka tuntuɓe ɗaya tak, in kama shi hujja in ƙyale ka. Bai zo ba. Na buga.

Ƙarar ba ta da girma, amma har Hajiya sai da ta daina juya tukunya. Ka tattara takardunka, ka daidaita gefensu a kan gwiwa a hankali, ka ce lokacin jirgina ya yi, alhali rana ko karkata ba ta yi ba.

Kada ka ce don abin bai faru ba ne na buga. Haba Ilya, ƙirƙira ce sana'armu, ni kaina na kashe mutanen da ba a taɓa haifa ba na yi musu zaman makoki. Mu'awiya yana da ikon zuwa jana'izar uwarsa ko da kai ba ka samu zuwa ta taka ba. Na buga ne don na neme ka cikin babin nan lungu-lungu ban same ka ba. Ni kuwa na san inda kake ranar, don ni ka kira.

Kana zaune a laverie, shagon wankin unguwarku, kayanka suna juyawa cikin injin wanki, ƙanwarka Fatou ta kira daga Tahoua ta ce Inna ta cika da hantsi, za a kai ta bayan azahar. Babu jirgin da zai kai ka kafin ƙasa ta rufe idonta. Ka kira ni ina wurin aiki. Ban ji kuka ba, ban ji salati ba, sai ka ce mini injin bai gama ba, ƙofarsa ba ta buɗuwa sai ya gama. Ka sake faɗa. Ka ce rigar da Inna ta aiko maka da salla tana ciki. Na fita daga ofis na tsuguna bayan kwalaye a sito, muka jira tare, ina jin ƙugin injin ta waya, har ya tsaya, har na ji ƙofar ta saki. Sai a lokacin ka ce innalillahi. Ana yi mata salla a Tahoua, kai kana cusa jiƙaƙƙun kaya cikin leda, wani yana tsaye a kanka yana jiran injin. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta.

Wannan ne babinka, masoyina. Mu nawa ne a ƙasar nan da labarin ya same mu haka? Wani a cikin metro, wata tana goge benen wasu, wani a kan tsani da buroshin fenti a hannu, kowa ya ce innalillahi a hankali don kada a juyo a kalle shi, ya ƙarasa aikinsa. Wa ya rubuta mana shi da harshenmu? Kai ke da shi, yana cikin ƙirjinka da ƙuginsa da warin sabulunsa, ka rufe shi ka ɗora masa makara ta aro.

Na san abin da ka yi, kada ka ɗauka ban sani ba. Ka haƙa wa Inna kabari a takarda don ka samu inda za ka tsaya, ka sa kafaɗarka ƙarƙashin makarar da ba ka samu ɗauka ba. Ni kuma na zo da cokalinta, nata na kanta, na ƙwanƙwasa a kai. In ciwon ne, na ji shi har cikin ƙashina, kuma ina roƙonka don girman Allah ka yafe mini ciwon. Da zan iya ɗauke maka shi in ɗora a kaina, da tuni na ɗauke. Amma hannuna bai kuɓuce ba, Ilya. Da saninsa ya buga.

Kada kuma ka zaci maganar Salim ba ta ja ni ba. Matar Kawu ta zaunar da ni ta ce wace irin mace ce za ta watsar da aure a kan cokali. Ta ce ita shekara nawa tana yaba shayin Kawu, alhali ɗacinsa zai iya kada akuya, ga gida nan tsaye lafiya lau. Na yi dariya, amma da na dawo ɗaki na ɗauki waya na rubuta kalmomin da kake so. Ga su nan a gabana, 'yan ƙanana, ba su da nauyin kome. Yatsana yana kansu. Sai na hango mu bayan an ɗaura, muna ɗakinmu, kana karanta mini sabon babi, na juya baya, na yi shiru. Ta yaya za ka san shirun nan na gaskiya ne ko na tsoro? Da shiruna kake rubutu, kai ka faɗa mini da bakinka, ka ce in ka kai ƙarshen shafi ba ka ji ƙarar finjali ba sai ka ji kamar an sauke maka kaya. In na yi maka ƙarya sau ɗaya, shirun nan ya mutu har abada. Za ka samu mata, ka rasa mai saurare. Mata kuwa ga su nan daga Lyon har Tahoua, waɗanda suka fi ni kyau, suka fi ni iya miya, suka fi ni iya riƙe baki. Na goge kalmomin.

Ni fa, ka tambayi yadda nake? Ɗakina yana nan yadda ka san labarinsa, can ƙololuwar bene, tagar tana kallon rufin sito-sito da manyan motocin da ke sauke dilar kaya. Yini guda ina Faransanci, da shi nake gaisuwa, da shi nake amsa waya, da shi nake ba da haƙuri a kan laifin da ba nawa ba. In na dawo na zauna gaban takarda, sai in tarar Hausata ta yi fushi ta juya mini baya. Shekaranjiya na nemi sunan wani ɗan tsuntsu da ke sauka a kan zanarmu a Zinder, ja-ja ne, na san shi kamar yunwar cikina, ya ƙi zuwa. Na ɗauki waya in tambaye ka, na tuna. Littafina yana nan inda ka bar shi, matar cikinsa tana tsaye bakin ƙofa da ƙwarya a hannu, ta kasa shiga ta kasa fita, kamar mai ita. Na gwada karanta wa kaina da ƙarfi, cokali a hannu ɗaya takarda a ɗaya, amma kunnen mutum ba ya kama ƙaryar kansa, kome na karanta daɗi yake yi mini, abin da ke ba ni tsoro ke nan. Mai buga mini yanzu maƙwabcina ne kawai, yana dukan bango in na ɗaga murya, shi kuwa ko sannu bai sani ba da Hausa.

Kai ma na san haka kake, kada ka yi mini girman kai. Wa kake karanta wa a Lyon? Bango? Tantabarun bakin taga? Salim mutumin kirki ne, amma duk abin da ka rubuta cewa zai yi madalla, ko sunayen kayan miya ne. Mu biyu ne, Ilya, mu biyu rak a faɗin ƙasar nan, kamar rijiya da gugarta a tsakiyar daji, ka ja naka gefe na ja nawa, ƙishirwa tana cin kowa. Ina kewar tarinka kafin ka fara karatu. Ina kewar yadda kake jan wasali irin na Adar har in tsokane ka. Ina kewar bayan wuyanka in ka juya mini baya, da yadda kunnenka na dama yake ɗan motsi in na kusa yin ƙarya, tun kafin cokali ya taɓa finjali. Ina son ka, son da ya hana ni cin abinci da ɗanɗano, kuma saboda son nan ne na kasa ba ka abin da ka roƙa.

Kawu ya ce shi ba ya shiga maganar yara. Ran Lahadi bayan azahar zai shimfiɗa darduma, dattawan da ya gayyato za su zauna, zai ɗora shayi. Za a sha na fari, a sha na biyu, a sha na uku. In na uku ya ƙare ba baƙon da ya yi sallama, zai wanke finjalansa ya ba mutane haƙuri, kuma ba zai sake sa rana ba, don gemun mutane ba abin wasa ba ne. Ka san Kawu, ba ya maimaita magana. Na roƙe shi ya rage wuta, ya dube ni ya ci gaba da abin da yake yi.

Abin da ka ji yana da nauyi cikin ambulan ɗin nan, cokalin Inna ne. Sai da jirgi ya wuce rabin hanya na gan shi dunƙule a hannuna, ashe da shi na fito ban sani ba. Zuciyata ta ce in riƙe shi, dole wata rana ka zo karɓa. Na ƙi. Ba na son ka zo don cokali. Naka ne, na uwarka ne, ko me ka yanke yana hannunka. Ban ce ka sake babin kafin Lahadi ba, ban ce ka yarda da ni ba. Ka zo da fushinka, ka zo da babi na tara yadda yake, mu yi ta faɗa a kansa har mu yi furfura. Abu ɗaya ne ba za ka samu a wurina ba, ka kuma san shi.

Na san ba a shiga da kai wurin dattawa, a ƙasa za ka tsaya. Tagar kicin ɗin Kawu tana kallon ƙofar gidan, akwai ƙarfe a gefen matakalar shiga, ni kuwa ina bakin tagar nan tun daga shayin fari.

In kuma ba ka zo ba, ba kome. Zan taya matar Kawu wanke finjalai, in hau jirgin RER in dawo ɗakina, in ƙarasa littafina ni kaɗai kamar yadda na yi na farko, zan jure, har wata rana in manta.

Ka ji jimlar nan? Yanzu na karanta ta da ƙarfi a ɗakin nan, sumul ta fita, ba tuntuɓe ko ɗaya, kuma ba wanda ya buga. Cokali yana hannunka, Ilya. Zo ka buga.

Taka jiya, taka yau, taka ko ka zo ko ba ka zo ba, wadda ƙaryarta gare ka ɗaya ce tak, ga ta nan sama tana jiran ka,

Hassia